Ardour (manhaja)

Ardour manhaja ce ta kwamfuta da ake ɗaukar sauti da ita, a gyara shi, a haɗa shi, har ya zama waƙa ko shirin rediyo ko sautin fim. Tana cikin manhajojin da ke ɗaukar sauti layi-layi, wato kowace murya da kowane abin kiɗa a nasa layin daban. Paul Davis ne ya fara rubuta ta wajen shekarar 2000, da harshen kwamfuta na C++, kuma a yau tana aiki a kan Linux da macOS da Windows. Buɗaɗɗiyar manhaja ce a ƙarƙashin lasisin GPL, ma'ana kowa yana da damar ya karanta tushenta, ya canza shi, ya kuma raba wa wasu.

Sai dai tushen manhaja ba abu ba ne da ake kunnawa a fara aiki da shi. Sai an gina shi, an haɗa shi da sauran abubuwan da yake buƙata, an ƙunshe shi a fayil ɗin da kwamfuta za ta iya ɗorawa. Wannan aiki na haɗa ƙunshi da kula da shi babban ɓangare ne na tarihin Ardour, kuma ta hanyarsa ne manhajar take isa hannun mai amfani da ita.

Ɗaukar sauti layi-layi

A tsohuwar hanya, mawaƙi da makaɗansa da 'yan amshi sukan taru a gaban makirufo a ɗauke su gaba ɗaya. Idan mai kalangu ya yi kuskure ko kiɗa ya danne murya, babu gyara sai a sake daga farko. Ɗaukar sauti layi-layi ta zo ne don warware wannan matsala. Ana sa muryar jagora a layi na ɗaya, 'yan amshi a na biyu, kalangu a na uku, kukuma ko gurmi a na huɗu. Daga baya sai a ɗaga wani a rage wani, ko a sake ɗaukar layi guda ba tare da an taɓa sauran ba.

Fasahar ta faro ne a Amurka a shekarun 1950, inda makaɗin nan Les Paul da kamfanin Ampex suka yi aiki a kan na'urar tef mai layi 8. A 1979 kamfanin TASCAM ya fito da Portastudio, mai ɗaukar layi 4 a kan kaset na yau da kullum, abin da ya sa ƙananan situdiyo suka samu shiga harkar. Daga shekarun 1990 aikin ya koma kan kwamfuta, ta manhajoji irin su Pro Tools da Cubase, waɗanda na kuɗi ne kuma tushensu a rufe yake.

Tarihi

Paul Davis haifaffen Ingila ne, kuma yana cikin ma'aikatan farko na kamfanin Amazon, inda ya fara aiki a 1994. Bayan ya bar kamfanin ya mai da hankali kan sauti a Linux. Ya rubuta direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, don katin sauti na RME Hammerfall mai karɓar layuka da yawa. Da ya ga babu manhajar da za ta ci moriyar katin a Linux, sai ya fara rubuta Ardour. Shi ne kuma ya assasa JACK, wata manhaja da ke sada sauti tsakanin manhajoji daban-daban a kwamfuta ɗaya. Daga cikin waɗanda suka ba da gudummawa mai yawa daga baya akwai Robin Gareus na Jamus.

Manyan fitowar manhajar su ne:

Fitowa ta 2, a 2007.
Fitowa ta 3, a 2013, wadda ta kawo aiki da MIDI, wato rubuta kiɗa daga fiyano zuwa kwamfuta.
Fitowa ta 4, a 2015, wadda ta sa JACK ya daina zama dole.
Fitowa ta 5, a 2016, wadda aka fara ba masu Windows a hukumance.
Fitowa ta 6, a 2020, bayan an sake gina sassa da yawa na cikinta.
Fitowa ta 7, a watan Oktoba na 2022.
Fitowa ta 8, a watan Oktoba na 2023.

Kamfanoni ma sun ɗora nasu kaya a kan tushenta. Fitaccen misali shi ne Mixbus na kamfanin Harrison da ke Amurka, wanda ya fito a 2009.

Yadda take aiki

Kowane aiki a Ardour yana zaune ne a jakar fayiloli guda. A ciki akwai ainihin sautin da aka ɗauka, da kuma wani fayil mai tsarin XML da ke riƙe da bayanin inda kowane yanki yake da irin gyaran da aka yi masa. Idan aka yanke wani wuri, manhajar ba ta goge ainihin sautin, bayanin kawai take canzawa. Saboda haka ana iya komawa baya. Tana karɓar WAV da AIFF da FLAC da Ogg Vorbis da MP3, kuma ba ta ƙayyade yawan layuka ba, ƙarfin kwamfuta ne ke ƙayyadewa.

Sauti yana cin wuri sosai. Layi guda da aka ɗauka a kan bit 24 da samfur 48,000 a daƙiƙa yana cin bayit 144,000 a kowace daƙiƙa, kimanin megabayit 8.6 ke nan a minti. Waƙa mai layi 8 ta minti 5 za ta kai kusan megabayit 346, tun kafin a ƙirga sake-saken da aka yi.

Wani abin lura shi ne jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin fitar murya daga baki da dawowarta kunnen mawaƙi. Kwamfuta tana sarrafa sauti ne kashi-kashi. Idan kowane kashi samfur 128 ne, lokacinsa bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Idan samfur 1,024 ne, ya haura kashi 21 cikin 1,000, kuma mawaƙi yana iya jin muryarsa tana biyo baya. Ƙaramin kashi yana rage jinkiri, amma yana matsa wa kwamfuta, idan kuma ta gaza cim ma lokaci sai a ji sauti yana tsinkewa.

Akwai kuma ƙananan manhajoji da ake jona wa Ardour don ƙara amo, ko rage hayaniya, ko kwaikwayon kayan kiɗa. Ana kiran su filogin, kuma tana karɓar nau'o'in LADSPA da LV2 da VST, sai Audio Unit a kan macOS.

Lasisi da kuɗin gudanarwa

Lasisin GPL bai hana sayar da manhaja ba. Sharaɗinsa shi ne duk wanda aka ba manhajar a ba shi damar samun tushenta, kuma kada a hana shi raba ta. A kan wannan ne masu Ardour suka gina hanyar samun kuɗi. Tushen kyauta ne ga kowa, amma wanda yake son ginanniyar manhaja daga shafinsu sai ya biya abin da ya ga zai iya, ko ya riƙa ba da wani abu duk wata. Akwai ta gwaji wadda sautinta ke ɗaukewa bayan minti 10. Da wannan kuɗi ne ake biyan masu aiki a kanta. A baya kamfanin Solid State Logic da makarantar SAE sun taɓa ɗaukar nauyin aikin na ɗan lokaci.

Mai amfani da Linux yana da wata hanyar, wato ya ɗauko ta kyauta daga rumbun manhajoji na nau'in Linux ɗin da yake kai. Wannan halal ne a ƙarƙashin lasisin, kuma a nan ne aikin masu haɗa ƙunshi yake shigowa.

Haɗa ƙunshi

Ardour ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba. Ta dogara da wasu tubalan manhaja da mutane daban suka rubuta: libsndfile don karanta fayilolin sauti, Rubber Band don ja ko taƙaita lokacin sauti, FFTW don lissafi, lilv don filogin na LV2, da wasu masu yawa. Idan ɗaya ya ɓace ko ya saɓa da wanda aka gina ta da shi, manhajar ba za ta tashi ba. Ƙunshi shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da ginanniyar manhaja tare da jerin tubalan da take buƙata da wurin da za a ajiye kowane abu.

A Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ƙungiyar sa-kai mai kula da manhajojin sauti da bidiyo ce ke riƙe da ƙunshin Ardour. Aikin yakan bi waɗannan matakai:

Na farko, a ɗauko tushen sabuwar fitowa, a duba lasisin fayilolin da ke ciki, a rubuta su a fayil ɗin debian/copyright. Abin da bai dace da ƙa'idojin Debian ba a cire shi.

Na biyu, a jera tubalan da ake buƙata a debian/control, a rubuta umarnin gini a debian/rules. Ardour tana amfani da wata manhajar gini mai suna waf, wadda aka rubuta da Python.

Na uku, idan akwai abin da ya ƙi daidaita da Debian, a yi masa faci, wato ɗan gyara a tushen, a ajiye a debian/patches. Faci mai amfani ga kowa akan tura shi ga masu manhajar.

Na huɗu, a gina ƙunshin, a duba shi da lintian mai gano kurakuran tsari, sannan a tura shi rumbu. Daga nan kwamfutocin Debian za su gina shi don nau'o'in injin daban-daban, irin su amd64 na yawancin kwamfutoci da arm64 na ƙananan na'urori kamar Raspberry Pi.

Sabon ƙunshi yakan fara zama a sashen da ba a daidaita ba, ya wuce sashen gwaji, kafin ya shiga tabbatacciyar fitowa. Ubuntu yana ɗauko yawancin ƙunshinsa daga Debian, saboda haka aikin mutum ɗaya a can yana kaiwa ga jama'a masu yawa. Fedora da Arch Linux suna da nasu ƙunshin da nasu masu kula. Akwai kuma nau'o'in Linux da aka shirya musamman don sauti, kamar Ubuntu Studio da ya fara fitowa a 2007, da AV Linux, da rumbun KXStudio.

Su kuwa masu Ardour wata hanya suka bi a tasu ginanniyar manhajar ta Linux. Sukan haɗa ta da tubalan da take buƙata a fayil guda, su ajiye ta a jakar /opt, ba ruwanta da tubalan da ke cikin kwamfutar. Amfanin haka shi ne kowa yana samun abu iri ɗaya da wanda suka gwada. Amfanin hanyar Debian kuma shi ne tubali guda yana yi wa manhajoji da yawa aiki, idan aka gano ɓaraka a cikinsa gyara ɗaya ya wadatar. Flatpak, wanda ake samu a rumbun Flathub, yana tsakanin hanyoyin biyu.

Kula da ƙunshi

Haɗa ƙunshi sau ɗaya ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin abubuwan da manhajar ta dogara da su ba sa daina canzawa. Tarihin Ardour yana da misalai da dama.

Python: An daina kula da Python 2 a watan Janairu na 2020. A lokacin, sabuwar Ardour ita ce 5.12 ta 2017, mai tafiya da tsohon waf. Masu kula da ƙunshi sun yi ta fama da wannan giɓi har fitowa ta 6 ta zo a watan Mayu na 2020.

GTK: Fuskar Ardour an gina ta ne a kan GTK 2, wanda masu shi suka daina kula da shi, nau'o'in Linux kuma suka fara shirin cire shi. A 2024 masu Ardour suka ɗauko GTK 2 suka shigar da shi cikin tushensu, suka sa masa suna YTK, suka ɗauki nauyin kula da shi da kansu.

Lasisin filogin da MP3: Sharuɗɗan kamfanin Steinberg na VST 2 ba su dace da GPL ba, shi ya sa buɗaɗɗun manhajoji suka yi amfani da wani madadi mai suna VeSTige. Haƙƙin mallakar fasahar MP3 ma ya daɗe yana hana wasu nau'o'in Linux raba tubalansa, har wa'adinsa ya ƙare a 2017.

Tsarin sauti: A Linux, ALSA ne ke magana da katin sauti. A kansa an daɗe ana amfani da PulseAudio don ayyukan yau da kullum, JACK kuma don aikin situdiyo, kuma su biyun sukan yi karo. PipeWire, wanda Wim Taymans ya jagoranta, ya zo don haɗa su, kuma Fedora 34 ya fara amfani da shi kai tsaye a 2021. Kowane canji irin wannan yana buƙatar a sake gwada ƙunshin.

Izinin gaggawa: Don kada sauti ya tsinke, dole kwamfuta ta fifita aikin sauti a kan sauran ayyuka. Linux ba ya ba kowa wannan izini haka kawai, sai an sa mai amfani a rukunin da aka ba dama. Nau'o'in Linux na sauti sukan zo da wannan a shirye.

Akwai kuma batun tazara. Debian yana fitowa ne kusan duk shekara biyu, kuma manhajojin da ke ciki ba sa canza fitowa a tsakani, sai gyaran tsaro da na manyan kurakurai. Debian 12 ya fito a watan Yuni na 2023 da Ardour 7, wata huɗu bayan nan Ardour 8 ta fito. Wannan yana da tasiri a aiki, domin sabuwar fitowa tana buɗe tsohon aiki, amma tsohuwa ba lallai ta buɗe aikin da aka yi da sabuwa ba. Situdiyo biyu masu musayar aiki sai sun daidaita fitowar da suke kai. Haka nan masu Ardour sukan nemi wanda ya kawo ƙorafi daga ƙunshin wani nau'in Linux ya fara gwada tasu ginanniyar, don a gane ko matsalar ta manhajar ce ko ta ƙunshin.

Dangantaka da ƙasar Hausa

Yawancin waƙoƙin makaɗan gargajiya, irin su Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a jihar Katsina wanda ya rasu a 1999, an ɗauke su ne gaba ɗaya a gidajen rediyo ko a wuraren biki. Bunƙasar finafinan Hausa a Kano, daga Turmin Danya na 1990, ta kawo ƙananan situdiyo masu amfani da fiyanon Yamaha, daga baya kuma kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su Cubase da FL Studio. A yau mawaƙan fim da sha'irai masu bege da mawaƙan siyasa duk layi-layi ake ɗaukar su. Manhajojin kuɗi da dala ake sayen su, wannan ya sa kwafin da aka fasa makullinsa ya yawaita a kasuwa, da haɗarin da ke tattare da shi na ƙwayar cutar kwamfuta da rashin gyara idan ya lalace.

Ga garuruwan da ke nesa da manyan birane, yadda aka ƙunshe manhaja yana da muhimmanci kamar ita kanta manhajar. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, kuma an shafe watanni a haka. A irin wannan hali, manhajar da sai ta tuntuɓi kamfaninta ta intanet kafin ta buɗe tana iya tsayawa. Ardour ba ta buƙatar rajista ko makulli. Ana iya sauke ta a Katsina, a kawo ta a filash, a ɗora wa kwamfutoci ko nawa ne, kuma lasisin ya yarda da haka.

A nan bambancin hanyoyin ƙunshi yake fitowa fili. Ginanniyar Ardour mai ɗauke da tubalanta fayil guda ce, ɗaukarta a filash ba wuya. Ƙunshin Debian kuwa sai an haɗa da duk tubalan da ya dogara da su, in ba haka ba zai ƙi ɗoruwa. Akwai manhajar apt-offline da aka yi don wannan: tana rubuta jerin abin da kwamfutar da ba ta da intanet take buƙata, a je inda akwai intanet a sauke, a dawo a ɗora. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗora Ubuntu Studio ko AV Linux daga filash, tun da Ardour tana ciki tun asali. Game da ɗaukewar wuta, Ardour tana rubuta sauti a faifan kwamfuta tun ana cikin ɗauka, kuma idan kwamfutar ta mutu ba shiri, takan ba da damar dawo da aikin idan an sake buɗe ta.

Rubutun da ke fuskar Ardour ana fassara shi ta tsarin gettext, inda kowane harshe yake da nasa fayil. An fassara ta zuwa Jamusanci da Faransanci da Rashanci da Sinanci da wasu harsuna, duk ta hannun 'yan sa-kai. Ta wannan hanya ake ƙara kowane harshe, har da Hausa, kuma da zarar masu manhajar sun karɓi fassara, takan bi ƙunshi ta isa ga kowa.

Makamantanta

Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon kuma ta fito a 2000, ta fi Ardour sauƙin koyo, ta kuma fi dacewa da yanke hira da shirya rahoton rediyo. Bayan kamfanin Muse Group ya karɓe ta a 2021, an yi taƙaddama kan shirin tattara bayanan masu amfani, har wasu suka ɗauki tushenta suka kafa Tenacity. Sauran buɗaɗɗun manhajoji na wannan fanni sun haɗa da Qtractor da Rosegarden da MusE da LMMS.

Duba kuma

Linux
Debian
Audacity
Kannywood
Kiɗan Hausa